Takardun Malam a Tsagar Bango

Laraba, 13 ga Maris, 2002

Yau kwana tara. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, an naɗe tabarmin ƙofar gida. Saura ni da Gwaggo Yelwa, ƙanwar Baba, da za ta zauna da ni har in fita takaba.

Littafin nan cikin waɗanda Malam ya sayo mini ne don in riƙa kwafe masa aikinsa. Saura uku ba a taɓa ba. Ban san wa nake rubuta wa ba. Hannuna ne ya saba, da na idar da walaha sai ya nemi alƙalami.

Sanƙarau. Ranar Juma'a ya dawo daga jami'a yana cewa wuyansa ya riƙe, Litinin da la'asar an kai shi makwancinsa.

Asabar, 16 ga Maris

Gwaggo ta ce in ci. Na ci.

Litinin, 18 ga Maris

Malama Ikilima ta zo, wadda suke ofis ɗaya da shi, mai koyar da lissafi. Ta daɗe tana juya zoben hannunta kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Farfesan da ke duba aikin digirin Malam ne ya aiko. Babi huɗu suna hannunsa. Idan na biyar ya same shi kafin ƙarshen Yuni, zai sa a buga aikin da sunan Malam. Ta ce na biyar ɗin shi ne tunaninsa na kansa, sauran duk shimfiɗa ce.

Na ce yana cikin kwali a ɗakin karatunsa, shafi talatin da huɗu. Na sani don ni ce mai kwafewa. A aji uku na sakandare na tsaya, amma rubutuna yana da kyau, nasa kuwa kamar kaji sun yi tono. Ban san ma'anar alamomin ba, bin su nake kamar mai bin zanen hula.

Muka buɗe kwalin. Takardun Turawa bugun inji suna nan a jere, an ɗaure su da igiyar rama. Rubutun hannunsa babu ko ƙwaya.

Talata, 19 ga Maris

Gwaggo ta faɗa mini, tana kuka.

Ranar sadakar bakwai ganyen ƙunsa waina ya ƙare. Wata cikin masu tuya ta leƙa ɗakin, ta ga takardu cike da kwali, ta ɗebo. Aka yi ta ƙunshi ana fitarwa. Shi kuwa Malam tun yana makarantar allo ba ya soma shafi sai ya rubuta Bisimilla da Larabci a samansa, ko lissafin me zai yi. Yaya Isyaku, wansa, ya ga ɗaya a ƙasa bakin zaure, duk mai, an taka sunan Allah. Ransa ya ɓaci. Ya shiga ya tattare duk na hannun da suka rage, ya ƙone su a bayan gida, ya binne tokar a gindin darbejiya kamar yadda ake yi.

Na injin ya bar su. Wai ya ce wa Gwaggo waɗannan su ne aikin gaske tunda har an buga, na hannun gwaji ne. Shi ya ɗaure su da igiyar.

Malama ta ce na injin ko gobe za a iya sake samo su.

Juma'a, 22 ga Maris

Yaya Isyaku ya biyo daga kasuwa kamar yadda ya saba. Daga cikin ɗaki na amsa gaisuwar. Lafiya, lafiya, shi ke nan. Gwaggo ta harare ni.

Shekara tara Allah bai ba mu haihuwa ba. Wannan aikin ne kaɗai zai ɗauki sunansa.

Alhamis, 28 ga Maris

Ina tsintar gero na tuna ranar da ya yi mini bayani. Bara ne, ba da daɗewa da buɗe jami'ar ba. Lokacin murna yake da komai. Soja sun koma bariki, an kawo jami'a har Wudil, ya bar koyarwa a sakandare.

Na ce masa na gaji da zana abin da ban sani ba. Ya zauna a kan turmi. Ya ce taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke ne, kuma kowane garke juyawa yake. Na bakin garke gudu suke ƙwarai. Da nauyin abin da ido ke gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni sun fice kamar dutsen majajjawa. To akwai abin da ke riƙe da su, ba ya haske, ba ya tare haske, ya ninka wanda ake gani wajen sau biyar. Shi ɓoyayyen nauyi yake ce masa. Na ce aljanu ke nan. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sai ya karɓi kwanon geron da ke hannuna ya tsiyaya a faifai, ya yi tsibi mai tsini. Ya ce haka kwamfuta ke nuna abin zai taru a tsakiyar garke, in dai ƙwayoyinsa wuce juna kawai suke, ba ruwan wata da wata. Amma masu madubin hangen nesa da suka auna ƙananan garkuna, sai suka ga kamar tsakiyar a baje take. Ya ɗan girgiza faifan, tsinin ya kwanta. Ya ce in ƙwayoyin suna bugun juna, na waje masu zafin gudu za su ba na ciki ƙarfi, na cikin su matsa su ba da fili. Abin da yake nema shi ne yawan bugun. In ya yi kaɗan tsini ya zauna. In ya yi yawa komai ya dunƙule kamar lemo, alhali manyan garkunan da ake gani sun fi kama da ƙwai.

"Tsakanin nan nake nema, Baraka." Shi kaɗai ke gutsure sunana.

Rabin geron ya zube ƙasa, kaji suka yi sallah. Na yi masa faɗa.

Litinin, 1 ga Afrilu

Abin da ban faɗa wa kowa ba.

Da Babbar Sallah ya yi alkawarin kai ni Ɗankaza in ga Inna. Ranar ta zo ya ce gobe, gobe ta zo ya ce lissafin ya kusa fitowa. Muka ci sallah a gida. Da ya gama ya miƙo mini shafukan yana murmushi, na karɓa. Na kwafe shida na ajiye alƙalami don ya ji abin da na ji. Sau biyu ya tambaya, sau biyu na ce na kusa.

Aikin kwana huɗu ne. Da yanzu yana ofis cikin durowa.

Shidan suna ƙarƙashin katifata. Ko Malama ban nuna wa ba, don da ta gani za ta tambayi sauran.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Yaya Isyaku ya kawo mangwaro. Na ce Gwaggo ta raba wa maƙwabta.

Asabar, 13 ga Afrilu

Sadakar arba'in. Wannan karon buhun ganye guda aka kawo, Gwaggo na tsaye a kan masu tuya kamar dogari.

Ina ɗaki na ji Dije maƙwabciyarmu tana cewa ai ita ba ta yar da tata takardar ta wancan karon ba. Da ta ga Bisimilla ta ninke ta cusa a tsagar bangon ɗakinta, kamar yadda kowa ke yi. Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba, ko mayafi babu.

Ta kawo. Shafi na sha bakwai. Mai ya ratsa shi har ana ganin yatsa ta baya, amma biron bai gushe ba. Warin waina yake.

Na sa shi a fuskata. Sai da Gwaggo ta zare shi, ta ce hawaye zai ƙarasa abin da mai ya bari.

Talata, 16 ga Afrilu

In Dije ta ajiye, wasu ma sun ajiye. Wane Musulmi zai ga sunan Allah ya jefar?

Amma ni ba na fita. Gwaggo gwiwa ta hana. Malama baƙuwa ce, 'yar Sakkwato, ba ta san gidan kowa ba. Yaya Isyaku ne kaɗai ya san inda kowane ƙunshi ya tafi, don shi ya raba, nan Wudil da Kausani da Ɗankaza.

Na ce wa Gwaggo ta faɗa masa. Ta ce bakinta ma gwiwa gare shi.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na fito na durƙusa a bayan labulen zaure na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi Hansai matarsa da yara. Ya amsa a hankali kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Ashe Gwaggo ta riga ta faɗa masa ko mene ne ya ƙona, tun wancan watan. Ta ce shi ya sa ya rame.

Na nuna masa shafi na sha bakwai na yi bayani. Sai na ji yana lissafa gidaje da yatsu, ƙasa-ƙasa. Ya kai talatin da wani abu.

Ya ce, "Barakatu, ni ban iya bokon nan ba. Yaya zan gane su?"

Na ce Bisimillarsa ta sha bamban, yana jan wutsiyar mimin ƙarshe ta yi tsawo.

Ya ce ai wannan ya sani. Shi ya fara riƙe masa hannu a allo, har dukansa ya sha yi a kan wutsiyar nan.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Biyar. Ya kawo su cikin hularsa. Biyu daga tsagar bango, ɗaya daga cikin jinkar ɗaki, ɗaya a bayan allo a masallacin unguwa, ɗaya wata tsohuwa ta sa cikin gafaka tare da Alƙur'aninta. Gara ta ci gefen na ashirin da biyu.

Na shanya su a inuwa, na yayyafa garin alli ya tsotse man. Na soma kwafewa. Inda babu shafi na bar fili na sa lambarsa.

Da Malama ta zo na ɗauko shidan nan na haɗa mata. Ta kalle su, ta kalle ni. Ba ta tambaya ba. Allah ya saka mata.

Alhamis, 2 ga Mayu

Yau na yi dariya, sai kuma na ji kunya.

Wani tsoho a Kausani, Ɗantani, ya ƙi ba da tasa. Ya ga Bisimilla a sama, ya ga layuka da akwatuna da alamomi a ƙasa, ya ce wannan hatimi ne, malamin jami'a ba zai zana banza ba. A rumbunsa ya rataye ta, kuma wai tun ranar ɓera bai shiga ba. Yaya Isyaku ya je sau uku. A ƙarshe suka daidaita a kan aro, in na kwafe a mayar.

Gwaggo ta ce to in kwafa mata guda ita ma, ko ta rabu da ɓerayen madafa.

Shafi na goma sha ɗaya ne. Malama ta ce ba don shi ba da na sha biyu ba shi da kai.

Laraba, 8 ga Mayu

Goma sha ɗaya yanzu, ban da shidana.

Malama tana zuwa Litinin da Laraba bayan la'asar. Takan jera shafukan a tabarma ta yi ta cike gurbi da fensir, tana cewa daga nan dole nan ya bi. Wani lokaci ta yi tsaki ta goge. Yau ta tsaya a na ashirin da bakwai tana ta gyaɗa kai. Na ce me ya ce?

Ta ce wai bajewar tsakiyar ba ta dawwama. In zamani ya yi tsawo ƙwarai, tsakiyar ce za ta koma ba na waje zafinta, ta yi ta bayarwa tana tsukewa, har ta fi da cunkushewa. Malam yana lissafa tsawon lokacin ne, don a ga ko garkunan da ake gani yau sun isa kaiwa can. Na ce to gaskiya ne ƙwayoyin suna bugun juna? Ta ce babu wanda ya tabbatar, ko a Turai gardama ake. Ta ce, "Mijinki bai ce ya sani ba. Hanyar da za a gane ya zana."

Ban taɓa tambayarsa abin da ke bayan faifan nan ba. Shekara guda cur.

Laraba, 15 ga Mayu

An yi ruwan fari jiya da yamma, mai ƙarfi. Kowa na murna. Ni ina tunanin bangon ƙasa da abin da ke cikin tsagarsa.

Asabar, 18 ga Mayu

Biyu. Ɗaya ta jiƙe ta manne, da na buɗe sai shuɗin tabo. Bisimillar ce kawai ta fita.

Na talatin da ɗaya zuwa ƙarshe har yanzu babu. Nan ya rubuta abin da ya gano. Wataƙila suna gindin darbejiya tun farko. Ba yadda za a sani.

Talata, 21 ga Mayu

Hansai ta zo. Ta yi hira ta ko'ina, tsadar taki, 'yan siyasa da suka soma yawo tun zaɓe bai zo ba, ciwon idon ƙaramarta. Sai da ta ɗauki mayafi za ta tafi ta ce duk Kausani an yi shuka ban da gonarsu. Da asuba yake hawa keke, sai magariba. Gidajen da ya riga ya je yake komawa, yana roƙo a bar shi ya duba bango da kansa. Har an soma magana.

Ba ta ce in hana shi ba. Ta ce dai in sani.

Mutum tara ke ci daga gonar nan.

Alhamis, 23 ga Mayu

In na ce ya bari, shi ke nan an rufe. In na yi shiru, zai yi ta yi, don yana ganin shi kaɗai ne.

Ba shi kaɗai ba ne.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ya zo hannu wofi. Bai ma shiga kasuwa ba, daga Ɗankaza yake. Ƙafarsa duk taɓo. Ya soma ba ni haƙuri, ya ce akwai gida biyu a bayan kogi da bai tabbata ba.

Na ce, "Yaya, ka je ka yi shuka."

Ya ce sai ya gama gyara ɓarnar da ya yi wa ƙaninsa.

Sai na faɗa masa. Duka. Sallah, da Ɗankaza, da shafi shida, da na kusa har sau biyu. Na ce da na yi aikina, da abin da ya ƙona gwaji ne da gaske, kamar yadda ya zata. Na ce wata biyu na bar shi yana ɗauke da kayan mutum biyu, ina amsa masa gaisuwa daga ɗaki.

Labule ne tsakaninmu, ban ga fuskarsa ba. Na ji yana kankare taɓon ƙafarsa da tsinke. Har na ɗauka tashi zai yi.

Ya ce, "To. Shi ya ƙi kai ki gida, ke kin ƙi rubutawa, ni na ƙona. Mu uku ne ashe." Na ji ya yar da tsinken. "Shi ya huta. Allah ya yafe mana mu biyun."

Na ce amin, ko ban ce ba, ban sani ba.

Da zai tafi ya ce in mangwaron nan ne ba na so in faɗa, ya daina wahalar da kekensa. Na ce ina so.

Litinin, 27 ga Mayu

Hansai ta aiko. An shuka rabi jiya, rabi yau.

Litinin, 3 ga Yuni

Malama ta gama. Sha takwas na hannunsa, in an haɗa da shidana. Sha biyu ta cike da kanta, za ta sa alama a san nata ne. Huɗun ƙarshe ta ce ba za ta taɓa ba. Tana iya hasashen lambar da ya samu, amma hasashe ne, ba za ta sa masa magana a baki ba.

Na tambaya ko farfesan zai karɓa haka, babu ƙarshe. Ta ce ta yi masa waya daga Kano, ya ce a kawo. Wani zai ɗora daga inda ya tsaya, wataƙila wanda ba mu sani ba, a wata ƙasa.

Na yi zaton zan yi kuka. Na tashi na ɗora mata ruwan shayi.

Asabar, 8 ga Yuni

An mayar wa Ɗantani hatiminsa.

Talata, 18 ga Yuni

Kwana goma ban buɗe littafin nan ba. Ina ta kwafe na ƙarshe mai tsabta, ga Gwaggo da zazzaɓi, ga ɗinkin da Dije ta kawo in taya ta. Geron Yaya ya fito, ya ce ya ɗan makara amma ba laifi. Saura sati uku in fita. Ya ce shi zai kai ni wajen Inna.

Gobe Malama za ta tafi da babin. Ɗazu ta ce saura shafin farko, inda ake sa sunan mai aiki, kuma ni zan rubuta. Na ce ta rubuta, ai ta san ba na faɗa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ko a baki ko a takarda, shi yake sa wa da kansa. Ta ce ba faɗa za ki yi ba, zanawa za ki yi, kamar sauran alamomin. Gwaggo daga kwance ta ce ita ba ta ga komai ba, idonta a rufe yake.

Na rubuta. Ya zauna daidai a tsakiyar shafin.

Sai na ga kamar alƙalamin yana yankewa, bari in gwada shi a nan.

Mu'azu.

Mu'azu.

Lafiyarsa ƙalau, alƙalamin.